Daga Kaset Zuwa Filasma: Mayar da Tsohon Aikin Bidiyo Zuwa Ma'aunin HD

 Wannan shiri na masu sauraro ne a kudancin Kano, musamman mazauna ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, da matafiyan da ke kan hanyar Jos ko ta Zariya suna saurare a cikin mota. Shirin na yau ya shafi sana'ar masu ɗaukar bidiyo da masu tace shi, kuma zai tsaya ne a kan tambayar da ta yawaita a shagunansu tun lokacin da akwatin talabijin mai faɗi, wanda jama'a ke kira filasma, ya maye gurbin tsohon akwati mai doro, wato yadda ake mayar da aikin da aka haɗa a tsohon ma'aunin da ake kira SD zuwa sabon ma'auni mai tsabtar hoto da ake kira HD, ba tare da an lalata shi ba.

Maganar ba ta masu shirya finafinai kaɗai ba ce. A gidaje da shagunan garuruwa irin su Tiga da Kwanar Ɗangora da Kafin Maiyaƙi da Riruwai akwai kaset-kaset da fayafayan da aka naɗi bukukuwan aure da walimar saukar Alƙur'ani da Mauludi da tafsirin watan azumi da hawan sallar hakimai, kuma da yawa daga cikin dattawan da ke cikin waɗannan hotuna sun riga mu gidan gaskiya, ta yadda abin da aka naɗa ɗin shi ne kawai ya rage na motsinsu da muryarsu. Idan iyali suka kawo irin wannan aiki suna son a gyara shi ya dace da sabon akwati ko wayar hannu, abin da mai tacewa zai yi a cikin sa'o'i kaɗan shi ne zai tabbatar da kamannin da jikoki za su san kakanninsu da su.

Kafin a shiga yadda ake aikin, yana da kyau a san inda tsofaffin hotunan suka fito. Fim ɗin Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a shekarar 1990, shi ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan Hausa na kasuwa, kuma a babban kaset na VHS ya isa hannun jama'a, kamar yadda Sangaya da Wasila suka isa kimanin shekara goma bayan haka. Daga baya ɗauka ta koma kan ƙaramin kaset mai suna MiniDV, wanda ke ajiye hoto a matsayin lambobi irin na kwamfuta, sayarwa kuma ta koma kan faifan VCD, sannan DVD. Masu ɗaukar biki a karkara sun bi wannan sawu ne da ɗan jinkiri, domin sau da yawa kyamarar da aka gama yayinta a birni ita ce ke gangarowa kudu. Duk waɗannan matakai ba su wuce ma'aunin SD ba. Sauyi ya zo ne da kyamarorin da ke naɗa a katin memori, da tashoshin tauraron ɗan'adam irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da kuma komawar kasuwar fim kan YouTube da wayoyin hannu. A shekarar 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina dandalin shirya finafinai a Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji, amma aka janye shirin bayan malamai da wani sashe na jama'a sun nuna ƙin amincewa. Kowane ra'ayi mutum yake da shi game da wannan batu, abin da ke zahiri shi ne nauyin ceto tsofaffin hotunan yankin yana wuyan ƙananan masu sana'a ne, masu kwamfuta ɗaya da ɗan janareta a ƙofar shago.

Hoton bidiyo an gina shi ne da ƙananan ɗigogi masu launi, waɗanda ake kira fiksel, da aka jera su layi-layi. Nijeriya na bin tsarin talabijin da ake kira PAL, kuma a wannan tsari hoton SD na da ɗigo 720 a kwance da layi 576 a tsaye, jimilla ɗigo 414,720. Cikakken hoton HD kuwa na da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimilla 2,073,600, wato ninki biyar cif na hoton SD. Faifan VCD, wanda shi ne ya fi yawa a gidaje, bai ma kai SD ba, domin ɗigoginsa 352 ne a kwance da 288 a tsaye, abin da ke nufin hoton HD ya ninka shi fiye da sau 20. Daga wannan lissafi ne za a fahimci gaskiyar da ya kamata kowane mai tacewa ya gaya wa mai kaya tun kafin a yi ciniki: sauya ma'aunin aiki daga SD zuwa HD ba ya ƙara wa hoto abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Kwano ɗaya na masara da aka baza a kan babbar tabarma ya rufe wuri mai faɗi, amma in an tattara shi kwano ɗaya ne. Abin da kwamfuta ke yi idan an umarce ta ta faɗaɗa hoto shi ne ta dubi ɗigogin da ke maƙwabtaka da juna ta ƙiyasta launin da zai cike gurbin da ke tsakaninsu, shi ya sa hoton kan fito da girma amma da laushi, kamar an ɗauke shi cikin hazo.

Saboda haka tambayar farko ba ta manhaja ba ce, tambaya ce ta asali: da wace kyamara aka ɗauki hoton, kuma ina ainihin abin da ta naɗa yake? Akwai ayyuka masu yawa, musamman na shekarun da kyamarorin memori suka fara shigowa alhali jama'a na ci gaba da kallo a DVD, waɗanda aka ɗauka da kyamarar HD amma aka tace su a kundin aiki na SD, saboda a faifai za a bayar. Mai irin wannan aiki ya yi sa'a, muddin bai goge ainihin hotunan daga rumbun ajiyar kwamfutarsa ba, domin duk ɗigogin suna nan, ƙunshe su kawai aka yi. Abin da zai yi shi ne ya buɗe sabon layin aiki mai ma'aunin 1920 da 1080, ya kwaso yanke-yanken da ya riga ya yi ya zuba a ciki, ya tabbatar kowane yanki yana komawa ga ainihin fayil ɗin kyamara ba ga ƙaramin kwafin da aka rage ba, sannan ya mayar da girman kowane yanki zuwa ɗari bisa ɗari. Wannan ne kaɗai yanayin da za a ce an sami HD na haƙiƙa daga tsohon aiki.

Wanda aka ɗauka da MiniDV ba zai taɓa zama HD na haƙiƙa ba, amma yana iya yin kyau ƙwarai idan aka koma ga kaset ɗin kansa, ba ga faifan da aka buga daga gare shi ba. Dalili shi ne kaset ɗin na ajiye kimanin gigabait 13 a kowace awa ɗaya ta hoto, alhali faifan VCD na matse fiye da awa guda a cikin abin da bai kai gigabait ɗaya ba, kuma duk abin da matsewar ta zubar ba ya dawowa. Ana kwashe MiniDV ne ta wata igiya mai suna FireWire, wadda ke juye lambobin kamar yadda suke ba tare da asarar komai ba, sai dai kwamfutocin zamani sun daina zuwa da ramin da ake soka ta, don haka tsohuwar kwamfutar da ke da shi, ko katin da ake sawa a kwamfutar tebur, kadara ce da bai kamata a sayar wa 'yan gwangwan ba. Kaset ɗin VHS kuwa sai an bi da shi ta na'urar da ke mayar da siginarsa lambobi, kuma ingancin na'urar bidiyon da ta juya kaset ɗin ya fi tasiri a kan sakamako fiye da duk wata dabara da za a yi daga baya. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera irin wannan na'urar bidiyo, ya daina a 2016, saboda haka waɗanda suka rage a hannun jama'a su ke nan, kullum raguwa suke yi.

A nan ne yanayin kudancin Kano ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Doguwa da Tudun Wada da kewayen dajin Falgore sun fi sauran sassan jihar samun ruwan sama da laima, kuma laima ita ce babbar abokiyar gabar kaset, domin tana sa fumfuna ta fito a gefen zaren, tana kuma sassauta sinadarin da ke riƙe da garin maganaɗisun da hoton ke kwance a kai. Zafin bazara a ɗaki mai rufin kwano da ƙurar hunturu suna ƙara tasu ɓarnar. Kaset ɗin da aka ga farin gari ko ɗigo-ɗigo a jikin zarensa bai kamata a tura shi cikin na'ura haka nan ba, saboda zai toshe kan da ke karanta hoto, ya kuma bar ƙwayoyin fumfunar da za su kama kaset na gaba. Masu adana kayan tarihi kan ƙiyasta rayuwar kaset da shekara 10 zuwa 30 gwargwadon ajiya, kuma mafi yawan na yankin sun shiga wannan wa'adi ko sun wuce shi. Don haka kwashe hoton zuwa kwamfuta a ma'auninsa na asali, ba tare da an taɓa komai ba, shi ne aikin da ya fi faɗaɗawa muhimmanci, kuma shi ya kamata a fara. Rumbun ajiya mai terabait ɗaya na ɗaukar fiye da awa 70 na hoton MiniDV, kuma hankali shi ne a yi kwafi biyu a ajiye su a wurare daban-daban. Faɗaɗawa ana iya sake ta gobe da manhajar da ta fi ta yau, amma kaset ɗin da ya ruɓe ba shi da madadi.

Matsalar da ta fi bayyana ga idon kowa ita ce ta siffar hoto. Tsohon akwatin talabijin na da faɗi huɗu a kan tsayi uku, wanda ake rubutawa 4:3, sabon kuwa faɗi sha shida ne a kan tsayi tara, wato 16:9. Idan aka faɗaɗa tsohon hoto har tsayinsa ya kai 1080, faɗinsa zai tsaya ne a 1440, ya bar gurbin ɗigo 240 a dama da 240 a hagu. Abin da aka fi yi, kuma shi ne mafi muni, shi ne a ja hoton ta gefe da gefe har ya cika allo, sai fuskoki su baje, siririn mutum ya koma kakkaura, doki ya yi tsawon da ba nasa ba, tayar mota ta daina zama da'ira. Ja irin wannan yana ƙara wa faɗin kowane abu kashi ɗaya bisa uku, kuma ko da ido ya saba da shi, ba kamannin mutanen ba ne. Wasu kuma kan zuƙo hoton gaba ɗaya har ya cika faɗin allo, abin da ke kare kamanni amma ya yanke kashi ɗaya bisa huɗu na tsayin hoton, wato layi 360 daga sama da ƙasa. A hoton hawan sallah wannan na nufin kunnuwan rawanin hakimi sun fita daga allo, a hoton sauka kuma allon da ɗalibi ke riƙe da shi a cinya ya ɓace, kuma da yake zuƙowar ta fi girma, laushin hoton ma ƙaruwa yake yi. Mai ɗaukar da ya tsaya a rana shekaru ashirin da suka wuce ya tsara hotonsa ne a kan siffar 4:3, ya san abin da ya sa a sama da abin da ya sa a ƙasa, kuma mutunta wannan tsari shi ne a bar hoton a siffarsa, da baƙin gurbi a gefe biyu. Mai kaya na iya ƙorafin cewa hoto bai cika allo ba, amma idan aka nuna masa fuskar mahaifinsa a siffofin biyu gefe da gefe, da wuya ya zaɓi wadda aka ja. Wanda baƙin gurbin ya dama yana iya cike shi da launi mai duhu marar ɗaukar ido, ko da dusasshen kwafin hoton kansa, kamar yadda gidajen talabijin ke yi wa hoton waya. Ga wanda zai ɗora a YouTube ma ba ya buƙatar gurbin, domin yana iya fitar da aikin a 1440 da 1080, dandalin ya daidaita shi da allon mai kallo.

Akwai wani tarko a ɓoye a cikin wannan lissafi. Wanda ya raba 720 da 576 zai ga ba su ba da huɗu bisa uku ba, kuma dalili shi ne ɗigon SD ba murabba'i ba ne, ya ɗan fi faɗi a kan tsayi, alhali ɗigon HD da na allon waya tsayinsu da faɗinsu ɗaya ne. Hoton SD mai siffar 4:3 daidai yake da kimanin 768 da 576 a ɗigo murabba'i, wanda aka ɗauka da siffa mai faɗi kuma, kamar yadda wasu kyamarorin MiniDV ke iya yi, daidai yake da kimanin 1024 da 576, duk da cewa fayilolin biyu 720 da 576 za su nuna. Manhajoji irin su Adobe Premiere da Vegas da DaVinci Resolve kan gane wannan da kansu, amma idan hoton ya bi ta hannuwa da yawa alamar da ke faɗa musu kan ɓace, sai mutane su fito a matse ko a baje. Gwajin mai sauƙi ne: a nemi abu mai da'ira da ke fuskantar kyamara sosai, kamar agogon bango ko tayar babur, a gyara fassarar ɗigon har da'irar ta daidaita.

Batu na gaba shi ne saƙar layuka. Tsohon tsarin talabijin ba ya nuna cikakken hoto a lokaci guda. Yana nuna layukan mara, wato na ɗaya da na uku da na biyar, sannan bayan kashi ɗaya bisa hamsin na daƙiƙa ya nuna layukan cika, ta yadda hotuna 25 na kowace daƙiƙa a haƙiƙa rabi-rabi ne guda 50 da aka ɗauka a lokuta mabambanta. Akwati mai doro an ƙera shi ne don haka, amma waya da kwamfuta suna nuna rabin biyu a tare, shi ya sa gefen duk abin da ke motsi, kamar hannun makaɗi ko ƙafar doki a sukuwa, ke fitowa tsage-tsage. Wajibi ne a warware wannan saƙa kafin a faɗaɗa hoto, ba bayan an faɗaɗa ba, domin idan aka faɗaɗa da tsagar a jiki layukan sun cakuɗe ke nan, babu manhajar da za ta iya raba su. Hanya mafi arha ita ce zubar da rabi ɗaya, amma wannan na jefar da rabin tsabtar da dama ba ta da yawa. Hanya mafi kyau ita ce wadda ke gina cikakken hoto daga kowane rabi, a sami hotuna 50 a daƙiƙa, motsi ya fito sumul kamar yadda aka saba ganinsa a da, kuma a dambe ko kokawa ko kilisa bambancin a fili yake. Ya kamata kuma a lura da wane rabi ne ke fara zuwa, domin MiniDV da rabin ƙasa yake farawa, alhali yawancin sauran tsare-tsare da na sama suke farawa, kuma idan aka juya su motsi zai riƙa karkarwa gaba da baya.

Yawan hotuna a daƙiƙa shi ma ba abin sauyawa ba ne. Aikin da aka ɗauka a 25 ya zauna a 25 ko ninkinsa 50, domin mayar da shi 30, wanda wasu manhajoji da wayoyi ke zaɓa da kansu, na tilasta wa kwamfuta maimaita hoto ɗaya a cikin kowane biyar, sai motsi ya riƙa tuntuɓe. Sai dai akwai kyamarorin gwanjo da suka shigo daga Amurka ko Japan masu bin tsarin NTSC, wanda hotonsa 720 ne da 480, yana kuma tafiya a kusan 30 a daƙiƙa, kuma kaset ɗin da aka ɗauka da su a nasu ma'aunin za a buɗe masa layin aiki.

Idan an zo kan kundin aikin kansa, ƙa'idar farko ita ce kada a taɓa na asali: a yi kwafinsa da sabon suna, a yi aiki a kan kwafin. Hanya mafi sauri ita ce a ɗauki tsohon layin aikin dungurungum a saka shi cikin sabon na HD a faɗaɗa shi sau ɗaya, kuma ga dogon tafsiri da ba shi da ado wannan ya wadatar. Illarta ita ce tana faɗaɗa har da abubuwan da za a iya sabunta su da cikakkiyar tsabta, wato rubutun suna da tambarin shago da hotunan kati. Rubutu ba kyamara ce ta ɗauke shi ba, kwamfuta ce ta zana shi, don haka sake buga shi a sabon ma'auni na ba da harafi mai kaifi, kuma ido kan yi wa dukan aikin hukunci ne da kaifin rubutun da ya fara gani. Wannan kuma dama ce ta gyara wani tsohon rauni, domin yawancin tsofaffin ayyuka an rubuta su ne ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba, saboda manhajojin lokacin ba su da su, alhali yanzu akwai nau'o'in rubutu masu ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, ta yadda za a rubuta Ƙiru da Ɗangora da Ɗankadai daidai. Hotunan ango da amarya da aka saka a farkon aiki, idan katinsu na nan, a sake ɗaukarsu da na'urar sikana ko da waya mai kyau, domin ko wayar da ba ta da tsada a yau hotonta ya fi HD yawan ɗigo. Sai a lura cewa duk wani rubutu ko hoto da aka sa wa motsi an auna wurinsa ne da ɗigo, kuma tsakiyar allo da take a 360 da 288 ta koma 960 da 540, saboda haka abin da aka ajiye a tsakiya zai iya tserewa zuwa kusurwar hagu ta sama, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Launi ma na da nasa ma'aunin. SD na bin ƙa'idar da ake kira 601, HD kuma 709, kuma lissafin da suke haɗa ja da kore da shuɗi da shi ya ɗan bambanta, ta yadda idan ba a juya ɗaya zuwa ɗaya ba ja da kore kan kauce daga ainihinsu. Mai tacewa na iya rasa lura da wannan, amma matan da suka yi ankon bikin sun san launin atamfarsu. Sauti kuwa shi ne ɓangaren da faɗaɗa hoto ba ya rage masa komai, kuma a wa'azi ko karatu ko waƙar makaɗa shi ne rabin darajar aikin ko fiye. Ana ajiye shi a ma'aunin 48,000 a daƙiƙa, a rage gunjin wutar lantarki da ke zaune a kaɗawa 50 a daƙiƙa da shuuwar kaset gwargwado, ba tare da an matsa har muryar ta koma kamar daga cikin rijiya ba, sannan a duba ƙarshen dogon aiki a tabbatar baki da murya ba su rabu ba.

A 'yan shekarun nan an sami manhajojin da ke faɗaɗa hoto da fasahar ƙirƙirarriyar basira, irin su Topaz Video AI, kuma abin da suke yi ya wuce ƙiyasin launi tsakanin ɗigogi, domin an horar da su da ɗimbin hotuna, suna zana abin da suke zaton ya kamata ya kasance a wurin. A kan gini ko bishiya ko ruwan madatsar Tiga sakamakon kan burge. A kan fuskar mutum, musamman wadda take nesa a cikin taro ko aka kwaso daga VCD, manhajar ba ta da abin da za ta dogara da shi, sai ta ƙirƙiri ido da haƙora da fatar da ba na mai su ba, ta shafe tsagar gado da ke kumatun dattijo saboda ta ɗauke ta a matsayin datti, ta kuma mayar da rubutun allo wasu zane-zanen da ba haruffa ba. A fim ɗin nishaɗi mai shi na iya yarda da haka. A hoton mamaci ko na malami ko na taron tarihi, fuska mai laushi wadda ta mai ita ce ta fi fuska mai kaifi wadda na'ura ta ƙaga, kuma duk wanda ya yi amfani da irin wannan manhaja ya kamata ya sassauta ƙarfinta, ya gwada a minti ɗaya ya nuna wa wanda ya san mutanen, ya kuma faɗa wa mai kaya abin da aka yi.

Ba dole ba ne ma a kai kowane aiki 1080. Akwai ƙaramin HD mai ɗigo 1280 da 720, wanda tsohon hoto ke shiga cikinsa a 960 da 720, da faɗaɗawar kashi ɗaya bisa huɗu kacal, maimakon kusan ninki biyu. Mafi yawan masu kallo a yankin a waya suke kallo, ta hanyar masu tura fim a kasuwa ko ta WhatsApp, wanda kan sake matse bidiyon da aka aika, kuma a ƙaramin allo bambancin ma'aunan biyu a kan tsohon hoto ba ya ganuwa. Bambancin da ke ganuwa na aljihu ne: a bisa ƙimar da YouTube ke ba da shawara, awa ɗaya a 1080 na cin kimanin gigabait 3.6, a 720 kuwa kimanin 2.25, kuma lokacin renda, wato sa'o'in da kwamfuta ke ɗauka tana dafa aikin, man janareta ne ko cajin batirin sola. Inda wuta ba ta da tabbas, raba dogon aiki gida-gida a fitar da kowane kashi daban ya fi aminci, domin ɗaukewar wuta ba za ta mayar da mutum farko ba.

Sabunta hoto kan zo da sha'awar yaɗa shi, kuma a nan akwai haƙƙoƙi biyu. Tsohon fim na Kannywood, wato masana'antar finafinan Hausa, yana da mai shi, ko furodusa ko magadansa, kuma gyara shi ba ya mayar da shi mallakar wanda ya gyara, don haka ɗora shi a intanet sai da izini. Hoton biki kuwa an ɗauke shi ne a cikin gida, a wurin kamu ko wuni, a lokacin da matan da ke ciki suka san iyakarsa falon dangi, kuma da yawansu yanzu iyaye ne ko kakanni a gidajen aurensu, saboda haka mai shago ba shi da hurumin yanko wani sashe ya yi tallar aikinsa da shi, ko ya bar kwafi a kwamfutar da yaran shago ke tura wa jama'a kaya daga cikinta. Idan an gama aiki, mai kaya ya karɓi abu uku: kaset ɗinsa, da kwafin asali da ba a taɓa ba, da sabon na HD, kuma a jikin kowane fayil a rubuta sunan taron da garin da shekarar, tare da sunayen manyan da ke ciki, tun ana samun tsofaffin da za su iya nuna su a allo su faɗi ko su wane ne.